Saƙon tsaro da ke tare hanya in an kunna laftof: tambayoyi da amsoshi

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai da ma'aikata a Kaduna na hannu ne. Wani ofishi a Ingila ko Amurka ya more su 'yan shekaru ya sallamar, suka sauka Legas, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja suka hau mota zuwa shagunan titin Ahmadu Bello da kewayen Kasuwar Gumi. HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, duk 'yan ofis ne, kuma ƙwarinsu ne ya sa ake rububinsu. Sai dai kayan ofis da shaidar ofis yake zuwa. Ka kunna, kafin ka kai ga aikinka wani rubutun Turanci ya tsaya maka a gaba, wani da sunan kamfanin da ba ka taɓa ji ba, wani da jan launi mai tayar da hankali. Tambayoyin nan su ne waɗanda na fi ji a bakin teburin gyara, da amsar da nake bayarwa.

Injiniya, da na kunna sai wani rubutu ya tare ni. Daga ina zan fara?

Daga wayarka. Ɗauki hoton rubutun yadda ya fito, har da lambobin da ke jikinsa, domin “wani abu ne dai da Turanci” ba ya isa a gano ciwo. Sannan ka kashe, ka sake kunnawa, ka lura da lokacin da yake fitowa.

Ka ɗauki kwamfuta kamar gida. Zaurenta shi ne BIOS, ɗan shirin da ke zaune a kan bod, wato babban faifan lantarkin da ke cikin kwamfuta, wanda ke farkawa tun kafin Windows. A lokacinsa ne kake ganin tambarin HP ko Dell a baƙin allo. Daga nan sai ɗigogin nan masu juyawa, har ka iso inda ake sa kalmar sirri, ƙofar tsakar gida ke nan. In ka wuce ka ga fayilolinka, ka shiga ɗaki. Saƙon da ya tare ka a zaure, a BIOS yake zaune, ko fomatin goma aka yi yana nan daram. Wanda ya fito dab da kalmar sirri saitin Windows ne. Wanda kuma ya jira sai da ka shiga ɗaki, wata manhaja ce ke surutu, kuma a nan 'yan damfara suka fi kafa shago.

Ina nanata wannan ne saboda wata ɗaliba da ta zo min tana hawaye. Ta kai kwamfutarta wani shago a kan rubutu layi biyu, aka yi mata fomatin ba a kwashe komai ba. Rubutun ya tafi, gaskiya ne, amma ya tafi da babi uku na furojet ɗinta. Aikin kuwa na minti biyar ne.

Nawa yana fitowa kafin wurin kalmar sirri, da sunan wani kamfani, sai na danna OK yake wucewa. Mene ne shi?

Shi ne ya fi yawa, shi ne kuma ya fi sauƙi. Windows ta bar wa ofisoshi wani gurbi da za su rubuta gargaɗi ga duk mai shiga: kwamfutar nan ta kamfani kaza ce, ana sa ido a kan abin da kake yi, wanda ba shi da izini ya fita. Lauyoyi ne ke son sa, don kada wanda ya kutsa ya ce ba a gaya masa ba. Ba ƙwayar cuta ba ce. Allon sanarwa ne da tsohon mai gida ya tashi ya bari a bango.

Windows iri-iri ce, akwai Pro akwai Home. In taka Pro ce, danna madannin Windows tare da R, ka rubuta secpol.msc. Buɗe Local Policies, sannan Security Options. Nemo layuka biyu da suka fara da “Interactive logon”: ɗaya “Message title for users attempting to log on”, ɗayan “Message text for users attempting to log on”. Na farko kan saƙon ne, na biyu cikinsa. Buɗe kowanne, share abin da ke ciki, danna OK, ka sake kunna kwamfutar. Dole asusun da kake ciki ya kasance na mai cikakken iko, wato Administrator, in ba haka ba ƙofar ba za ta buɗu ba.

Amma ga abin da ya fi damuna da wannan saƙon. Ganinsa na nufin wanda ya sayar maka bai sauya Windows ɗin kamfanin ba. To me kuma suka bari a ciki? Manhajar da ma'aikatansu ke shiga kwamfuta daga nesa, dokokin da ke hana sa filashi, asusun wani da ba ka sani ba. Share saƙon yau don ka sami sararin aiki, amma in ka sami lokaci ka kwashe kayanka ka sa sabuwar Windows.

Na rubuta secpol.msc ta ce ba ta san shi ba.

To taka Home ce, ita ba a sa mata wannan kayan aikin ba. Sai ka bi ta rajista, wato kundin da Windows ke ajiye saitunanta. Windows da R, rubuta regedit, ka gangara nan:

HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Policies\System

A ɓangaren dama za ka ga legalnoticecaption da legalnoticetext. Danna kowanne sau biyu, share rubutun da ke ciki, ka bar gurbin wayam. Sunayen kansu ka ƙyale su, abin da ke cikinsu kawai za ka kwashe. In a nan ba komai amma saƙon na fitowa, akwai tsohon mazauninsa:

HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows NT\CurrentVersion\Winlogon

Sunayen iri ɗaya ne. Kafin ka taɓa komai, danna System ɗin da dama ka zaɓi Export, ka ajiye kwafi. Rajista ba wurin yawon buɗe ido ba ce. Ka shiga, ka yi abin da ya kai ka, ka fito. Maƙwabtan waɗannan layuka biyu su ne ke riƙe da yadda Windows ke neman izini da yadda ake shiga, hannu ya kuskure sai ka kulle kanka a waje.

Na share, bayan kwana biyu ya dawo.

Akwai igiyar da ba a kwance ba. Shiga Settings, Accounts, sai “Access work or school”. In ka ga sunan wani kamfani ko makaranta a nan, to har yanzu kwamfutar na karɓar umarni daga can, kuma duk lokacin da ta sami intanet za a iya mayar mata da saitin. In makarantarka ce ko ofishinka, wataƙila lokacin da ka sa imel ɗinsu a Office ko Teams ne ka amsa “a bar ƙungiya ta kula da na'urata” ba ka karanta ba. Akwai Disconnect a wurin. Kafin ka danna, tabbatar kana da wani asusun Administrator na cikin kwamfutar da ka san kalmar sirrinsa. In kuwa sunan baƙon kamfani ne kuma Disconnect ɗin ya ƙi dannuwa, ka karanta amsar da na ba mai tambayar Autopilot a ƙasa.

Ni tun a baƙin allo nake ganin “Property of” da sunan wata makaranta, ƙarƙashin tambarin HP.

Wannan a zaure yake. Manyan kwamfutocin ofis suna da gurbi a BIOS na rubuta sunan mai kaya da lambar kadara, Ownership Tag da Asset Tag. A HP, da ka kunna ka yi ta danna F10. Nemi System IDs a ƙarƙashin Main, ko Security in tsohuwa ce, ka share. A Dell F2 ake dannawa, sai dai sau da yawa za ka ga rubutun amma ba damar gyarawa daga nan, sai da manhajar kamfanin mai suna Dell Command Configure da ake sakawa a cikin Windows. ThinkPad kuwa F1 ce ƙofarta, ko ka danna Enter tukuna sannan F1.

Tsaya. Kafin ka sauya ko da abu ɗaya a BIOS, shiga Windows ka duba ko BitLocker, tsarin Windows da ke kulle fayilolinka da makulli, na kunne, a Control Panel ko a Settings inda aka rubuta “Device encryption”. In yana kunne, ka nemo makullinsa ka rubuta a takarda, in kuma Pro ce ka danna “Suspend protection”. Mutane da yawa sun shiga BIOS cire rubutu layi ɗaya, suka fito shuɗin allo na neman lambobi 48.

BIOS ɗin ma kalmar sirri yake nema. An ce in cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo.

Wannan dabarar ta tsofaffin kwamfutocin tebur ce. A ThinkPad da EliteBook da Latitude na shekarun nan, kalmar sirrin mai kula da BIOS tana cikin wani guntu da ba ya mantuwa ko an raba shi da wuta. Ka cire batirin ka kwana, agogo ne kawai zai ɓace, ka ƙara wa kanka sabon saƙo a kan na da.

Hanya ta farko ita ce wanda ya sayar maka. Ko ya ba ka kalmar, ko ya canza maka wata, domin kwamfuta mai kullen BIOS ba kuɗinsu ɗaya da buɗaɗɗiya ba, kuma ya sani. Dell na taimaka wa wanda ya tabbatar musu da cewa kayansa ne. Lenovo kuwa sun faɗa a takardunsu cewa in aka manta kalmar sirrin mai kula, sai dai a canza bod. Na san akwai masu ɗora wa guntun BIOS sabon shiri da na'ura. Wani lokaci ta tashi, wani lokaci ta tashi ba lambar siriyal ba lasisin Windows, wani lokaci ba ta sake tashi ba. Ni ba na fara wannan aikin sai na ga rasit.

Ranka ya daɗe, mene ne Computrace? A BIOS na gan shi, jiya kuma allo ya daskare da rubutun cewa a mayar da kwamfutar.

A nan magana ta yi nauyi. Computrace, wanda yanzu ake kira Absolute Persistence, shiri ne na bin sawun kwamfutar da ta ɓace, na kamfanin Absolute, wanda aka kafa a Vancouver ta Kanada a 1993. Tun wajajen 2005 masu ƙera kwamfuta suka fara dasa shi a cikin BIOS tun daga masana'anta. Ganin sunansa kawai ba abin tsoro ba ne, yana cikin ɗimbin kwamfutocin ofis yana barci. Sai mai kaya ya biya kuɗi an tashe shi yake aiki.

In an tashe shi, ga yadda yake yi. Duk lokacin da kwamfuta ta kunnu, ɓangaren da ke BIOS yakan duba ko wakilinsa na cikin Windows. A Task Manager, wurin da Windows ke jera shirye-shiryen da ke aiki, za ka gan shi da suna rpcnet. In babu, ya sake dasa shi. Wakilin kuma da ya sami intanet sai ya kira gida. Shi ya sa fomatin ba ya kashe shi, canza hadis, wato faifan da ke ajiye fayiloli, ma ba ya kashe shi: saiwarsa na zaure, ganyensa ne kawai kake gani a tsakar gida. Daga can nesa mai kaya na iya ganin inda take, ya goge fayiloli, ko ya daskarar da ita da saƙon da ya ga dama. Abin da ka gani jiya ke nan.

Dalili biyu ne ke kawo shi. Ko kamfanin ya sayar da kwamfutocinsa a dunƙule ya manta bai cire su daga lissafinsa ba, wanda yana faruwa, ko kuma an rubuta ta a matsayin ɓatacciya ko ta sata. Daga Kaduna ba ka da hanyar rarrabewa sai ka tambaya. Ka rubuta wa sashen taimako na Absolute da lambar siriyal da hoton rasit, ko kamfanin da sunansa ya fito a saƙon. In halattaccen ciniki ne, daga can za su sake ta, ta hau intanet ta karɓi umarnin. Bayan nan sai ka shiga BIOS ka rufe shi. A ThinkPad yana ƙarƙashin Security, akwai zaɓin “Permanently Disabled”. A tsofaffin Dell kuwa Activate da Disable duk na har abada ne, wanda aka riga aka zaɓa ba ya juyuwa, don haka karanta da kyau kafin ka danna.

In amsa ta zo cewa ta sata ce, ɗauki kwamfutar da rasit ka koma shagon. Riƙe kayan da ka san na sata ne laifi ne a dokar finalkod ta Jihar Kaduna ta 2017, kuma “ai saya na yi” ba ta da ƙarfi bayan an riga an sanar da kai. Ni dai ba na sa hannu a irin wannan, ko nawa za a ba ni.

An yi min fomatin tsaf, amma ana cikin saiti sai ta ce “Welcome to” wani kamfani, tana neman imel ɗinsu.

Autopilot ke nan, tsarin da Microsoft ta fito da shi a 2017 don ofisoshi su riƙa tura wa ma'aikaci sabuwar kwamfuta ta saita kanta. Rajistar ba a cikin kwamfutar take ba sam. Kamfanin ya ɗauki shaidar kayan cikinta ya ajiye a asusunsa na Microsoft, to duk lokacin da sabuwar Windows ta hau intanet a farkon saiti, sai ta tambaya ko tana da mai ita, a ce mata tana da shi. Babu abin da za ka goge a nan Kaduna ya shafi abin da ke rubuce a can.

Wasu masu shago sukan gama saitin ba tare da intanet ba, su miƙa maka tana aiki lafiya. Rufa-rufa ce, ranar da ka sake yi mata sabon saiti za ta tuna iyayen gidanta. Kamfanin da ya yi rajistar ne ke cirewa, aikin ɗan lokaci ne a wurinsu in sun yarda sun sayar. In ba su amsa ba, a canza maka wata.

Shuɗin allo ne, yana cewa BitLocker, in sa “recovery key”. Ni ban taɓa sa wani makulli ba.

Hajiya, mai yiwuwa Windows ce ta sa miki ba ta yi shawara da ke ba. Kwamfutoci da yawa sukan kulle hadis da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, kuma tun fitowar Windows 11 24H2 abin ya ƙara yawa. Makullin na ajiye a wani guntu mai suna TPM, shi kuma ba ya sakinsa sai ya ga komai na nan yadda ya bari. An sabunta BIOS, an taɓa saitin Secure Boot da zan yi bayani a ƙasa, an canza bod, wani lokaci ma batirin agogo ne ya mutu saiti ya koma na masana'anta, sai ya ƙi.

Lambobi 48 ne, rukuni takwas, kowanne shida. Ɗauki waya ki shiga account.microsoft.com/devices/recoverykey da imel ɗin da aka saita kwamfutar da shi. Allon na nuna wata lambar shaida, Key ID. Ki daidaita farkonta da wadda ke cikin asusun, don wani asusun na da makullai da yawa. Tambayar da ke ba mutane wahala ita ce imel ɗin wa aka sa. Sau da yawa na yaron shagon ne, ko na ɗanki da ya saita miki. Nemo shi.

In abin ya faru ne bayan wani ya taɓa BIOS, a mayar da saitin yadda yake, sau da yawa sai ta wuce. In makulli bai samu ba, kwamfutar ba ta mutu ba, za a goge a sa sabuwar Windows, amma abin da ke ciki ya tafi. Duk wanda ya ce miki zai fasa BitLocker a kawo kuɗi, ki riƙe kuɗinki.

Jan akwati ne: “Secure Boot Violation. Invalid signature detected.”

Secure Boot ya zo ne da Windows 8 a 2012. Aikinsa shi ne ya duba sa hannun duk shirin da ke son tayar da kwamfuta, in bai gane ba ya hana shi. Jan akwatin an fi ganinsa a Asus. HP kan ce “Selected boot image did not authenticate”. Abin da ya fi jawo shi a wurinmu shi ne an sa Windows 7, ko wata Windows da aka yi wa kwaskwarima aka kwafo daga filashin da ya zaga shaguna goma, ko wani nau'in Linux marar sa hannu.

Kashe Secure Boot a BIOS zai kawar da saƙon, kuma in Linux ka sa da gangan ba laifi. Amma in ba ka san abin da ya jawo ba, kamar mai gadi ne ya ce bai san wannan baƙon ba, kai kuma ka sallami mai gadin. Gara ka sauke Windows daga shafin Microsoft da kanka, ka haɗa filashi da manhajarsu ta Media Creation Tool, ka sa ta Secure Boot na kunne. In Windows ɗin ta gaskiya ce kuma yana ƙi, nemi “Restore Factory Keys” a BIOS, ka kuma duba kwanan wata.

Masu HP: bayan ka sauya wannan saitin za ta nuna lambobi huɗu ta ce ka buga su ka danna Enter. Ba matsala ba ce, tana tabbatarwa ne cewa mutum ne a gabanta ba wata manhaja ba. A wasu ba za ka ga lambobin na fitowa ba yayin da kake bugawa, ci gaba. Haka in ta tambaye ka ko a share TPM alhali ba kai ka nema ba, zaɓi ƙin yarda, musamman in BitLocker na kunne.

Tawa kullum sai na danna F1 ko Enter kafin ta wuce. Shi ma na tsaro ne?

Yawanci a'a, koke ne. Kwamfutar na gaya maka inda ke mata ciwo.

In Dell ce ta ce ba ta gane ƙarfin cajar ba, “The AC power adapter wattage and type cannot be determined”, to siririyar allurar da ke tsakiyar bakin cajar ce ta karye, ko cajar jabu ce, ko ramin cajin ya lalace. Ta wannan allurar caja ke gaya wa kwamfuta ko ita mai wat 45 ce, ko 65, ko 90. Akwai wurin kashe gargaɗin a BIOS, Adapter Warnings, amma kashe shi ba ya hana kwamfutar ƙin cajin batir da rage gudu. Gwada wata cajar ta asali tukuna.

HP da lambobi take magana. 601 batir ne ya gaji. 502 saitin CMOS ne, wato ajiyayyen saitin BIOS, ya rikice, galibi batirin agogo ne, irin CR2032 mai bolt 3, a laftof yakan zo a naɗe da 'yar waya; in kuma kullum agogonka na komawa baya, shi ne. 90B fanka ce ba ta juyawa yadda ya kamata, ThinkPad kuma “Fan error” take cewa ta kashe kanta. Wannan na fanka daga Disamba zuwa Fabrairu na fi ganinsa, lokacin da ƙurar hunturu ta cika gari; a buɗe a share, kada a yi ta danna Enter har zafi ya cinye bod.

Guda ɗaya ne a cikinsu na tsaro: wanda ke cewa an buɗe murfin ƙasa. Dell kan ce “Cover was previously removed”, ThinkPad kuma tana da “Bottom Cover Tamper Detection”. In kai ka buɗe don ƙara RAM, shiga BIOS ka share gargaɗin. In ba ka buɗe ba, kuma daga wurin gyara ta dawo, duba RAM da hadis ka ga ko naka ne.

Da na shiga sai allo ya cika da jan rubutu da ƙara, wai an kama kwamfutata, in kira wata lamba.

Kada ka kira. Saƙon kuskure na Microsoft na gaskiya ba ya ɗauke da lambar waya. Wannan shafin intanet ne ya baje ya rufe allo, burauza kuma na sake buɗo shi duk lokacin da ka kunna. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka kashe Chrome ko Edge daga Task Manager. In ka sake buɗewa ta ce ko a dawo da shafukan da, ka ce a'a. Sannan ka shiga saitin burauzar, wurin Notifications, ka cire duk shafin da ba ka sani ba. Waɗannan ƙananan akwatuna da ke leƙowa daga kusurwa suna cewa an sami ƙwayoyin cuta biyar, daga nan suke. Ranar da ka je sauke fim ka danna Allow, ranar ka ba su izini.

In ya ci gaba, duba Startup a Task Manager ka kashe baƙin sunaye, ka cire manhajar da ba kai ka sa ba, sannan ka shiga Windows Security ka zaɓi “Microsoft Defender Offline scan”. Za ta sake kunna kanta ta yi bincike na kimanin minti 15 kafin Windows ta tashi. In kuwa ka riga ka kira har sun sa ka saka manhajar shiga daga nesa, cire intanet yanzu, ka canza kalmomin sirrin imel da na banki daga wata na'urar, ka kira bankinka.

Ita kuma wadda ke cewa Windows 10 ta daina samun tallafi?

Gaskiya ce. Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 na son TPM 2.0, in kuma ƙwaƙwalwar kwamfutar ta Intel ce, daga zubi na 8, wanda ake kira ƙarni na 8, zuwa sama, shi ya sa irin EliteBook 840 G3 da Latitude E7470, 'yan ƙarni na 6 da suka cika hannun ɗalibai, ba sa cikin jerin da aka amince. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki. Rufe saƙon ba ya dawo da facin tsaro.

Kullum sai na danna Ctrl, Alt da Delete kafin in sa kalmar sirri.

Shi ma gadon ofis ne. Windows da R, rubuta netplwiz, shiga Advanced, cire alamar da ke kan “Require users to press Ctrl+Alt+Delete”. In ya dushe ba ya dannuwa, a secpol.msc aka ɗaure shi, kusa da layukan nan biyu na gargaɗi.

Ma'aikatarmu ce ta ba ni kwamfutar, saƙon na ɓata min lokaci. In cire?

A'a, Yallaɓai. Wannan ba tsohon allo ba ne, mai gidan na ciki. Danna OK sau ɗaya a rana bai kai takardar tuhuma ba, kuma ko ka cire tsarinsu zai mayar. In ka yi ritaya ne aka bar maka ita, ko gwanjon ofis ka saya, karɓi takarda, ka kai wa sashen kwamfuta su cire ta daga tsarinsu su kuma buɗe BIOS kafin ka fita da ita.

Tunda gurbin na nan, zan iya sa nawa rubutun?

Sosai ma, kuma ina ba ɗaliban da ke kwana a hostel shawarar haka. A legalnoticecaption sa sunanka, a legalnoticetext sa lambar wayar da za a same ka. In ka manta ta a Keke Napep tsakanin Kawo da Kasuwa, mai tsoron Allah da ya kunna ya san wanda zai kira. Fomatin na goge wannan, don haka wanda ya fi ƙarko shi ne Ownership Tag na BIOS, ka kuma sa wa BIOS ɗin kalmar sirri. Rubuta kalmar a wuri biyu, ɗaya a gida wurin Mama, don ka riga ka ji abin da ke faruwa da wanda ya manta.

Gobe zan je sayen wata. Me zan duba kafin in biya?

Kada ka yarda a miƙo maka ita a kunne. Kashe ta gaba ɗaya, ka kunna da hannunka, idonka a kan allo tun daga tambari. Shiga BIOS: in ta nemi kalmar sirri, ko saituna sun dushe ba sa taɓuwa, ajiye ta. Nemi Absolute ko Computrace ka ga ko an tashe shi. Daidaita lambar siriyal da ke BIOS da wadda ke ƙarƙashin kwamfutar. In sun saɓa, an canza bod ko murfi, a gaya maka dalili. A cikin Windows leƙa “Access work or school”, ka kuma sa cajar da za a ba ka ka sake kunnawa, ka ga ko za ta yi ƙorafi.

Gwajin Autopilot shi ne mai cin lokaci, domin sai an yi sabon saiti an haɗa da intanet tun a allon farko. Kunna hotspot ɗin wayarka a yi a gabanka. In mai shago ya ce ba lokaci, to ya rubuta a rasit, tare da lambar siriyal da kwanan wata, cewa in ta nemi imel ɗin wani kamfani ko ta daskare zai canza maka, ya sa hannu.